Bakin da Bai San Ƙarfe Ba

Ni dai tun da aka yaye ni, doki bai taɓa kai bayana ƙasa ba. In na dubi ingarma sau ɗaya, sai in gaya maka rijiyar da ya sha ruwa shekaranjiya, har da halin kakarsa ta wajen uwa. Shi ya sa da Tanimu, ɗan ƙanwata, ya sayo doki ranar Laraba yana so ya sa shi a sukuwar Asabar, wurina ya zo neman shawara. Irin shawarar nan ce ta mutumin da ya riga ya ɗaura sirdi a zuciyarsa. Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba. Na ce ya zauna in ba shi misalin wani mara wayo.

An yi wani manomi a wani gari, shekara goma sha ɗaya yana kallon sukuwar kaka ta tsakanin kafaɗun mutane. Rannan ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya sayi doki akawal, baƙi wuluk, a hannun fataken da suka gangaro daga arewa. Saura kwana shida a yi sukuwa. A garin akwai wani tsoho mai gyaran kofato. Ya zo ya shafa dokin, ya buɗe bakinsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya nuna wa manomi gefen leɓen, laushi kamar na jariri, ba kanta ko kaɗan. Ya ce inda aka reni dokin nan da ragama ake hawa, igiya kawai a hanci, ba a taɓa sa masa ƙarfe a baki ba. A bar shi a turke kwana arba'in, ya sha ruwan garin, ya san muryar mai shi, a riƙa sa masa linzami da safe ana cirewa har bakin ya saba. Sukuwar baɗi tana nan, ba inda za ta. Manomi ya yi godiya, ya ba shi goro. A ransa kuwa cewa ya yi, tsufa da tsoro uwarsu ɗaya. Baɗi ta yi masa nisa, ga shi har ya fara jin maroƙa suna kiran sunansa a kunne. Shiga fili da ragama kuwa, kamar mai kai jaki kasuwa, wannan ko a mafarki.

Ranar sukuwa ya aro linzami mai nauyi, irin mai zoben nan da ke kama haɓa. Da ƙyar mutum uku suka cusa shi. Doki yana ta kaɗa kai, kumfar bakinsa ta yi jaja-jaja, manomi ya ce ai ɗoki ne. Ƙa'idar garin, a ruga har wata tsamiya a ƙarshen fili, a kewaye ta a dawo. Da aka saki dawaki, akawal ya bar kowa. Allah ya sani ba a taɓa yin gudu irin wannan a filin ba. Iska ta cika riga, ƙasa tana shuɗewa kamar ruwan kogi, ihun mutane ya koma baya can. Da suka iso tsamiya, manomi ya ja linzami da iya ƙarfinsa, yadda ya ga mahaya suna yi. Kowane dokin garin ya san ma'anar wannan ja. Baƙo bai ji komai ba sai ƙarfe yana yaga masa baki. Ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya karkace, ya faɗo a kan marmara. Ƙafarsa ta gaba ta ce ƙas, kamar busasshen reshe, ta manomi kuma tana ƙarƙashinsa. Sauran dawaki suka kewaye tsamiya, suka kewaye su, suka koma.

Wata huɗu manomi yana hannun mai ɗori. Damina ta faɗi ba shanun huɗa, rabin gona ya kwana a ciyawa, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Wanda ya ƙi jiran kwana arba'in, yau shekara ashirin bai sake kafa turke a gidansa ba. Amma duk wannan da sauƙi. Doki in ya karye a ƙafa, ba shi da ɗori. A ranar, tsohon nan ne ya zo filin da wuƙa, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya fara zare linzamin a hankali, don kada dabba ta tafi da shi a baki. Kafin ya rufe masa ido da gefen rawani, dokin ya juyo da kai ya dube ni, irin kallon baƙon da aka cuta a masaukinsa. Ko suna ba a kai ga sa masa ba.

Tanimu ya gyara zama. Ya ce, "Kawu, wa dokin ya duba?"

Na ce, "Manomin mana."

"Cewa ka yi ya dube ka." Ya sauke ido kan ƙafata ta hagu da na miƙe a tabarma. "Ashe ba kada ne ya kama ka a gulbi ba, yadda kake ba mu labari tun muna yara."

Na janye ƙafar, na rufe ta da riga. Na ce, "Tashi ka je ka duba bakin dokinka, ɗan nan, ka bar Asabar ta wuce abinta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sauri ya haifi nawa."