Bakanike da Motar Ciyaman

Kai da kake ce mini maigidanka ya matsa ka sallami aikin da ka san bai yi ba, wai ba yadda za ka yi, zauna ka ji labarin wani bakanike.

A wata tasha ta bakin daji yake, shekara ashirin da biyu yana da rumfa a filin ƙungiyar direbobi. Mutum ne mai taurin kai, ga baƙar magana, amma aikin hannunsa ba mai kushe shi. Wata damina ciyaman ɗin tashar ya sayo motar shiga daji, irin mai jan ƙafa huɗu, ya kawo masa ya ce a ɗaga ta. Hanyar kasuwar ƙetaren rafi ta lalace, kowace mota sai cikinta ya dafe a laka, shi kuwa so yake tasa ta riga ta kowa ƙetarawa ranar Laraba. Bakanike ya cire sifirin ɗinta ya sa dogaye, mota ta miƙe har sai an taka taya ake hawa. Tasha ta taru ana ta sambarka. Shi kuwa bakanike ya zaga da ita sau ɗaya, ya dawo fuska a murtuke. Ai in ka ɗaga jikin mota, sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba takan ja gefe guda, ƙafafu na kallon gaba sitiyari na kallon wani wuri, in ta hau gargada kuma gaban ya kama rawa. Ya gaya wa ciyaman sai ya shiga ƙasa ya warware sandar ya ƙara mata tsawo, ya ja zare daga ƙafar baya zuwa ta gaba, ya auna, ya gwada a hanya, ya sake aunawa, ga wani ƙarfe da sai an kawo daga birni. Kafin Juma'a dai ba za ta fita ba.

Ciyaman ya hau sama. Ya ce yau Litinin, ya riga ya shaida wa duniya Laraba, kunya ake so a ba shi? Wai ai abu ne mai sauƙi, a zare sitiyarin daga mazauninsa a mayar da shi a miƙe, wa zai sani? Nan ran bakanike ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sitiyari zai miƙe a idonka, ƙasa kuwa tana nan a karkace, kuma bayin Allah za ka ɗora a kai. Ni hannuna ba zai yi wannan ba." Ciyaman ya tambaye shi ko ya manta a filin wa rumfarsa take. Bai manta ba, daga rumfar nan iyalinsa suke ci. Duk da haka ya ɗora makulli a kan bonet ya ce a nemi wani. Kafin la'asar an yaye kwanon rumfar. Ya zuba sifanoninsa a buhu ya koma gindin wata tsamiya a bayan gari, mutane na binsa da cewa girman kai ya ja masa. Wani bakaniken kuwa ya yi wa ciyaman abin da yake so cikin minti goma.

Ranar Laraba mota ta cika maƙil, ciyaman da kansa a kan sitiyari. Laka kam ba ta tare ta ba, duk inda wasu ke maƙalewa ta wuce, yana ta danna hon. Sai a gangaren rafi, inda hanya ta yi mugun kwana zuwa dama, ya murza sitiyari, sitiyari ya ƙare mota ba ta gama juyawa ba, don rabin juyin dama an cinye shi a ƙasa tun ranar da aka ɗaga ta. Ta zarce cikin gonar shinkafa ta kwanta a gefe. Allah ya tsare rai, amma wata mai sayar da daddawa ta karye a hannu, gishirin mutane buhu shida ya narke a ruwa, ciyaman ya fito ta taga ba haƙoransa biyu na gaba.

Bayan kwana uku ya aika a ce wa bakanike ya dawo rumfarsa, komai ya wuce. Bakanike ya ce wa ɗan aike shi bai ga abin da ya wuce ba tunda hannun matar nan yana ɗaure, mai son gyara ya kawo mota gindin tsamiya. Haka aka jawo ta da tarakta ta tsakiyar tasha da rana tsaka, ciyaman na biye a ƙafa ya rufe baki da hankici. Da suka isa ma bakanike bai ɗago ba, injin ban ruwan wani manomi ne a hannunsa, shi ya riga zuwa. Ciyaman ya tsaya a rana har aka gama da injin.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.