Mahaucin Cikin Katun

"Ban ga abin dariya ba," in ji Sadisu mahauci, ya ture wayar.

"Haba sheri masoyina, duk unguwar Briqueterie katun ɗin nan ake yabo," in ji Raliya, budurwarsa, tana ƙyalƙyala dariya. "Dubi yadda mahaucin ke yanka mushe a ɓoye, ya kai wa masu tsire. Kowa cewa yake kamar gaske."

Sadisu ya goge wuƙarsa a hankali.

"Ko launin ƙofar rumfata bai canza ba."

Raliya ta daina dariya.

"Yayanki Baha'uddeen ne ke zana shi, ko?"

Ta ɗauke wayar, ta kashe ta.

Ya soke wuƙar a ƙugu. "Tashi. Yau zan je in gaida surukina."