Benaye Goma Sha Ɗaya a Ɗaki Biyu

Na rasa mijina, na rasa gwiwoyina, na rasa wurin shimfiɗa dardumar salla sai lungun ƙofa. Abin da na samu kuwa dogayen benaye ne goma sha ɗaya, kowanne ya fi ni tsawo, kuma babu ko ɗaya da aka taɓa ginawa.

Na yumɓu ne da katako. Samfuri ake ce musu, abin da ake nuna wa masu kuɗi kafin a haƙa ƙasa. Sun cike mini ɗakuna biyu a hawa na bakwai a unguwar Shubra, sai na karkace nake ratsawa zuwa kicin. Lifta, na'urar hawa bene, ta mutu shekara uku ke nan, gwiwoyina suka bi ta. Burodi da wake a kwando nake jawo su ta taga. Titi kuwa sai dai in leƙa shi.

Mijina, Injiniya Ra'afat, ya yi shekara talatin yana yawo da takardun benayen nan ofis-ofis, cikin farar riga, hannunsa fes kamar na likita. Ko'ina a yaba, a ba shi shayi, a ce masa yanzu gilashi ake yayi. Bana shekararsa shida a ƙasa.

Wata Talata Dakta Mirfat ta hawo tana haki. Malamar jami'a ce, za ta yi bajen kolin gine-ginen da aka zana ba a gina ba. Ta tsaya gaban na farko, mai hawa tamanin, wanda jikinsa duk bakin tukwane ne.

"Hajja Nabawiyya, kin san abin da ke gidanki? Iska ta shiga tukwanen nan, ta huce, ta zagaya ɗakuna. Babu na'urar sanyi ko ɗaya! Da an gina shi..."

"Sai bakin tukunyar ya ɗan sunkuya," na ce. "In ya kalli sama, ƙura ce za ta cika shi."

Ta yi dariya. "Marigayi ya koyar da ke sosai."

Na zuba mata shayi.

Ta bi su ɗaya-ɗaya. Mai inuwa, wanda ya buɗe ƙafa aka zuba kasuwa a ƙarƙashinsa. Mai tsakar gida a kowane hawa na goma, inda mata za su yi shanya su ga juna. Ta gwada faɗin wani da hannu, ta dubi ƙofa.

"Wannan ya aka shigo da shi?"

"Ba a shigo da shi ba."

Sai ta faɗi tayinta. Gida a hawa na ƙasa, kusa da kogi, da ɗan tsakar gida, ni kuma in ba ta benayen duka. Tayin ya yi mini, amma ni ban taɓa sayen ko tumatir a farashin farko ba.

"Kaɗan ne, 'yata."

"Kaɗan? Hajja, ke da ko kasuwa ba kya iya sauka!"

"Ke ma ga shi kin hawo."

Ta tafi, ta dawo Alhamis da zanen allon da za a kafa a bakin zaure: sunan Ra'afat da manyan baƙi, da hotonsa cikin farar riga. Ta ƙara da murhu sabo da likitan gwiwa. Na bi rubutun da yatsa a hankali har ƙarshe, na miƙa mata.

"Kaɗan ne."

Daga ranar ta yi mako biyu ba ta zo ba. Na zauna tsakanin benayena kamar tantabarar da aka rufe wa rami, ina jin motoci can ƙasa. Na ce, Nabawiyya, girman kanki zai sa a fitar da ke ta matattakalan nan a makara.

Amma ta dawo, wannan karon da tsohuwar takardar Ra'afat.

"A nan tara ya lissafa. Ke kuma kina da sha ɗaya."

Ta nufi na bayan ƙofa, wanda na lulluɓe da buhu, ta yaye. Wannan ba shi da matattakala ko ɗaya. Hanya ce mai sauƙin hawa take kewaya shi har sama, da benci a kowace kwana, don mai ciwon ƙafa ya huta. Ta taɓa shi. Ta dubi yatsanta, yumɓu ya manne masa. Ta dubi faratana.

Ta zauna a kan kujera a hankali. "Faɗi farashinki, Hajja."

Gidan ƙasan na karɓa, da murhun, da likitan, amma waɗannan gyara ne. Farashin shi ne allo, kuma na sa ta rubuta a gabana da manyan baƙi: Nabawiyya 'yar Shahata, maginin hasumiyar tantabaru na garin Fayyum, ita ta tsara duka sha ɗayan ta gina su da hannunta, mijinta ya kai takardu.