Shuɗiyar Jarka

Bawa ya ɗaga shuɗiyar jarkar yaj ji ta yi sauƙi. Kai, jiya hwa ba haka take ba.

Bari ku ji yadda abin yake. Shekarar nan da ruwa yaƙ ƙi zuwa, gero yab bushe tsaye, wata mai binciken magani, Dakta Safiyatu, tak kawo tsohin awaki gidan Bawa nan Kamarawa. Wai ƙashinsu ya yi rauni irin na tsohin mata, tana son ta gwada ko jiƙon sassaƙen marke na ƙarhwahwa shi. Jarka biyu tab bari, ja da shuɗiya, abin cikinsu duk kalar shayi. Awaki masu jar igiya su sha na ja, masu shuɗiyar igiya su sha na shuɗiya. Tac ce in awon yas saɓa aiki ya lalace, kwashe awakinta za ta yi. In ko ta kwashe su, buhun dawar da ake ba Bawa ladan kiwo ya tahi ke nan, kuma da shi gidan ke rayuwa.

To ga shi wani na ɗibar maganin.

Maliki Bawa yah hwara zargi, maƙwabcinshi mai kai kaya Nijar. Mutumin ga kullum sai ya leƙo ta darni yana dariya: "Bawa, wanga magani in an kai shi Maraɗi, ai sai ka sai raƙumi!" Bawa yad daina sakin mai huska.

Cikin gida kam ba wanda za a zarga. Matarshi tun da sahe tana bakin rijiya, ta dawo da ruwa rabi laka, a raba moɗa-moɗa. Inno, uwarshi, tun bara da taz zame ƙugunta yat tsage, ƙashin ya haɗe amma daga tabarma sai bayan ɗaki, da sanda. Leɓenta duk ya daddare. In an miƙa mata moɗarta sai ta ce, "Na sha, ba yara."

Bawa ya barbaɗa toka ƙohwar ɗakin jarkokin, yat tahi sallar azahar. Da yad dawo, ga sawu. Ba takalmin Maliki ba ne. 'Yan ƙananan ƙahwahu ne, da ramin sanda a gehe.

Sawun Inno ne. Yac ci gaba da zuba tokar. Jarka na raguwa. Ana nan ana nan, ran nan yad duba, ga sawu, ba ramin sanda. Inno ta hwara shara. Idonta ya washe, murya ta dawo, har hwaɗa take ma jikoki.

Ranar da Dakta taz zo duba awaki, Bawa yat tare ta bakin garke.

"Dakta, za ni gaya miki gaskiya. In kin so ki kwashe awakinki, amma maganinki na aiki. Tsohuwata ke shan shi a ɓoye. Dube ta can, ba sanda!"

Dakta tad dubi Inno, tad dubi Bawa. "Wace jarka take sha?"

"Shuɗiyar."

"Bawa, shuɗiyar ai ba magani ciki. Ruwan hwamfo ne nas sa ma kala, don in ga bambancin da jar za ta yi."

Inno ko tsayawa da shara ba ta yi ba.

"Kai ke ta zancen magani," tac ce. "Ni tun kurɓin hwarko na san ruwa ne mai kyau. Tun da hwarin ga yaz zo nike ba ɗiyanka moɗata, Bawa, ba ka taɓa tambaya ni mi nike sha ba."