Mai Haya a Lofe

Ranar da ungozomar sabon asibitin Faskari ta ce mata hayaƙin taba har cikin mahaifa yake bin jariri, ta dawo gida ta tarar mijinta ya riga ya ɓoye lofenta a rumbu.

"Ɗauko min abina, Maigida."

"Ke da ko daka ba ki yi sai da shi a baki? Ki bari in jefa shi rijiya."

"Abin da ake tsoro shi ake ɓoyewa. Ni da na noma gonar gero ni kaɗai, ɗan kaskon nan zai gagare ni?"

Ya ɗauko. Ta rataye shi a bakin ƙofa, daidai hancinta, ta ce ba ta ƙara kunna shi sai ta haihu. Kowace safiya sai ta gaishe shi: "Ina kwana, tsohon miji?" Ranar da ƙwalama ta taso, sai ta tauna goruba, ta dafa cikinta, ta harare shi ta wuce. Matan ƙauyensu, Mairuwa, suka ce kafin kaka za ta kunna. Kaka ta zo, dawa ta shiga rumbu, lofe bai ga wuta ba.

Ran suna, ɗiya na barci lafiya lau, mijin ya kawo garwashi yana murmushi.

"To, sarauniya, an sauka. A kunna?"

Ta sauko da lofen ta leƙa. Uwar zanzaro ta toshe bakinsa da laka, ta zuba 'ya'yanta ciki.

Ta mayar da shi a hankali.

"Mai jego ba ta tashin mai jego. Kai wutarka gaba."