Kar A Buga Mata Ƙofa

"Me ya sa kike son binciken cutar daji?" farfesan ya tambaye ni ta kwamfuta. Ganawar ƙarshe ce ta neman digiri na biyu.

"Mamata na kwance da ita a ɗakin kusa," na ce. "Magani nake nemar mata."

Ya yi murmushi. "Mun ɗauke ki."

Na fito a guje ina kiran Mama. Takalman maƙwabta sun cika ƙofar ɗakinta, Yaya na tsaye idanunsa jajur.

"Yaya! Ina cikin gidan nan, aka kasa kirana?"

"Na miƙe, ta riƙe min riga," ya ce. "Ta ce kar a buga miki ƙofa sai kin gama. Maganarta ta ƙarshe ke nan."