Ƙishin Ƙasa

"Yaya, taso ka gani! Ƙasa tana numfashi da rani!"

Ɗalibar jami'a ce, idonta na kan na'urar auna iska. Wata da watanni ke nan tana kifa kwanon awo a makiyayar gidansu, tana auna iskar kabon da ƙasa ke fitarwa. Da damina ƙasar haki take kamar wadda ta sha gudu. Da ciyawa ta bushe kuwa sai ta yi tsit. Amma yau, ana tsakiyar rani, ƙarƙashin kwano ɗaya numfashin ya koma na damina.

"Wallahi in wannan ya tabbata, digirina ya zo hannu! Ba wanda ya taɓa ganin haka!"

"Ki dai bi a sannu," in ji yayan.

Ina! Gari na wayewa ta ruga don ta sake aunawa. Sai ga mahaifinta tsugune, ya ɗaga kwanon, yana tsiyaya ruwa daga buta.

"Baba! Me kake yi?"

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ba ke kika ce tana numfashi ba? Ai duk mai numfashi yana jin ƙishi."